Kurakuran da sababbin masu duba malamai ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin sabon shugaban makaranta, ko mako bai yi ba, ya ɗauki fom ya faɗa aji yana rabon maki, wai da haka karatun yara zai gyaru. Duba malami yana da amfani, amma ba haka ake yi ba.

Babban kuskure shi ne auna malami da sakamakon jarrabawa kaɗai. Na taɓa yi, har yau ina jin kunya. Na liƙa sunayen malamai a bango, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Wadda ta zo ƙarshe ita ce kaɗai ta yarda ta karɓi ajin da yaransa ko haɗa baƙi ba su iya ba. Zango na gaba ta nemi canjin makaranta. Sauran suka koma bitar tsoffin tambayoyi, kowa na gudun yaro mai rauni. A Atlanta ta Amurka abin ya fi haka muni: binciken 2011 ya samu malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗin jarrabawa, har da goge amsoshin yara, kuma a 2015 kotu ta kama 11 da laifi. Yanzu tun farkon zango nake gwada yaran, in ga inda malami ya same su da inda ya kai su.

Na biyu, a duba, a rufe fom a aljihun tebur, ba a ce wa malami uffan ba. Haba! To me zai gyara? A Cincinnati ta Amurka, inda aka riƙa shiga ajin malami sau huɗu a shekarar da ake duba shi ana ba shi bayani a rubuce, makin lissafin ɗalibai ya ƙaru har a shekarun da suka biyo baya. Kuma ba yawan kuɗi ba ne: shirin duba malamai da Gidauniyar Gates ta tallafa wa a Amurka ya ci dala miliyan 575, amma rahoton cibiyar bincike ta RAND na 2018 bai ga ci gaban a zo a gani ba. Ni ranar nake zama da mutum, in faɗi abu ɗaya tak: "Malam, tambaya tara ka yi, duk 'yan layin gaba ka kira." Bayan mako biyu in sake leƙawa.

Kada kullum ka sanar da ranar zuwanka, darasin da aka haddace za ka gani. Kada ka gyara wa malami a gaban ɗalibansa. Kuma ka daina zura masa ido, je ka benci na baya ka buɗe littattafan yara uku.