Kurakurai wajen haɗa warfarin da maganin rage kitse a jini

Babban kuskure ga mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, shi ne a fara maganin kitse, ko a sauya shi, ko a daina, ba tare da an sake gwajin INR ba, wato gwajin da ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Hanta ce ke sarrafa warfarin, kuma wasu magungunan kitse kan sa ya yi ƙarfi fiye da yadda ake so, sai jini ya tsinke da yawa. Simvastatin, rosuvastatin da fluvastatin duk suna ɗaga INR. Atorvastatin da pravastatin ba su cika taɓa shi ba. Ga yawancin marasa lafiya ana son INR tsakanin 2 da 3. Gyaran shi ne a yi gwaji kafin sauyin, a maimaita cikin mako guda, a ci gaba har ya daidaita. Wanda ya daina maganin kitsen don ya ƙare masa, INR ɗinsa na iya faɗuwa, jini ya daskare.

Fenofibrate da gemfibrozil, su ma magungunan kitse ne, sun fi waɗancan haɗari. Sau da yawa likita kan rage warfarin da kusan kashi ɗaya cikin uku tun ranar farko. Wannan aikin likita ne, kada mara lafiya ya gutsure ƙwaya da kansa.

Cholestyramine kuwa, wani maganin kitsen, akasin haka yake yi: yana riƙe warfarin a hanji, ya hana shi shiga jini. A sha warfarin awa 1 kafinsa, ko awa 4 zuwa 6 bayansa.

Wani kuskuren da kan kai mutane asibiti daga kyamis yake farawa. Maganin kitse ya kawo ciwon cinya ko kafaɗa, sai mutum ya sayi diclofenac ko ibuprofen. Waɗannan suna cin bangon ciki, ga warfarin ya hana jinin tsayawa. Paracetamol ya fi aminci na ɗan lokaci, amma wannan ciwon na cinya ko kafaɗa likita ya kamata ya ji, musamman in fitsari ya koma launin baƙin shayi.



Haɓon da ya ƙi tsayawa bayan minti 10, jini a fitsari ko amai, baƙin bayan gida, ko ciwon kai mai tsanani bayan faɗuwa: a tafi asibiti nan take, a riƙo kwalayen duk magungunan, har da na gargajiya.