Yadda Ake Gyara Tsohuwar Jif Ta Zama Motar Shiga Daji Da Kwana A Can

Yawancin masu sayen tsohuwar jif da niyyar shiga daji, daga inda ya kamata su ƙare suke farawa. Ba a ko buɗe bonet ba, an riga an sayo manyan tayoyi, an jera fitilu a saman mota, an ɗaura bamba ta ƙarfe. Ni ma haka na yi da tawa ta farko. Ta yi kyau a ido, amma a fitarmu ta biyu tiyon lagireto ya fashe a wurin da ko waya ba ta shiga, fitilun nan kuwa ba su tsinana mini komai ba. Don haka jerin da zan bi a nan shi ne: gyara tukuna, ƙari daga baya.

Mataki na farko, shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Motoci irin su Toyota Land Cruiser 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, da Nissan Patrol Y60 da Mitsubishi Pajero na wancan zamani, bodinsu a kan shasi yake zaune, kuma shasin nan shi ne ƙashin bayan motar. Ka bi shi kana ƙwanƙwasawa, musamman inda safirin da shokozoba suke ɗaure da kuma saman tayoyin baya, inda laka ke maƙalewa ta riƙe danshi. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda tsatsa ta cinye daga ciki kuwa, sautinsa a dushe yake, wani lokaci gudumar ma ta huda shi. Tsatsar sama ana kankare ta a shafa fenti. Idan ta ci ta kai ga rami a wurin da ke ɗaukar nauyi, sai mai walda ya gani kafin ka ƙara kashe ko sisi, domin akwai motar da barin ta ya fi gyaran ta.

Idan shasi ya tsira, sai a koma ga inji, kuma a ɗauka cewa duk abin da mai motar na baya ya ce ya canza, bai canza ba. A juye baƙin mai, man giya, man akwatin oksilari (giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja) da man aksul na gaba da na baya. Ka tsaya ka kalli abin da ke fitowa: mai da ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ne ya shiga, ɓarɓashin ƙarfe mai yawa a jikin mayen ƙarfen murfin juyewa, haƙoran giya ne ke ci. Man birki yana zuƙar danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, in ba haka ba yakan tafasa a doguwar gangara, birki ya yi laushi ƙarƙashin ƙafa. Idan injin na bel ɗin taimin ne, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul-bawul na inji, kamar 1HZ mai lita 4.2 da ke cikin Land Cruiser da yawa, a canza bel ɗin yanzu sai dai in kana da takardar da ta nuna yaushe aka canza. Tsinkewarsa na iya lalata injin gaba ɗaya.

Sai kayan sanyaya inji. A nan zan daɗe, domin zafi ne ke kashe tsofaffin motoci a daji. A kan titi iska na bugun lagireto da kanta. A cikin yashi ko a kan tudu mai duwatsu, injin na aiki da dukan ƙarfinsa alhali motar na tafiya kamar hawainiya, babu iskar da za ta taimake shi sai ta fanka. Duk wani rauni da titi ya ɓoye, nan yake fitowa. A sauke lagireto a wanke ko a sake shi, a canza dukan tiyoyi har da ƙanana na baya da ba a ganin su, a sa sabon tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi) da sabon murfin lagireto, a duba famfon ruwa da kulochin fanka. Kar ka yarda a cire tamostat a jefar da sunan maganin zafi. Wannan rufe ciwo ne da tsumma. Tsofaffin tiyoyi da fanbel da ka cire, waɗanda ba su fashe ba, ka ajiye su a mota su zama safaya.

Sai ƙafafu. A ɗaga motar, a kama kowace taya sama da ƙasa a girgiza, a ji ko boris ya saki. A duba tarod, robobin da ke tsakanin ƙarafa, da mahaɗan farfela, a cika su da giris. Ka kuma gwada oksilari a kan ƙasa mai laushi, babba da ƙarami, ka tabbata tana shiga tana fita. Idan motarka irin wadda ake saka wa oksilari da hannu ce, kada ka bar ta a ciki a kan kwalta busasshiya, domin tayoyin gaba da na baya ba su da damar bambanta gudu, sai ƙarafan su murɗe.

Yanzu ne aka zo ga ƙari, kuma taya ce kan gaba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Tayar da ta doshi shekara goma ta gama aiki ko da zanenta bai goge ba. Ka sayi biyar iri ɗaya har da safaya, masu zanen da ya dace da titi da daji, masu kaurin gefe. Kada kwaɗayin girma ya ja ka. Babbar taya tana rage wa mota ƙarfin ja, ta ƙara shan mai, ta wahalar da birki da aksul. Haka ɗaga mota: inci biyu, wato kusan santimita 5, sun wadatar da yawancin masu zuwa kwana a daji. Fiye da haka sai an taɓa sitiyari da farfela da tiyoyin birki, motar kuma ta fi saurin kifewa. Ka bar sayen safirin sai ka san nauyin da za ka riƙa ɗauka.

Nauyin nan shi ne abin da aka fi rainawa. A jikin motar akwai farantin da ke nuna iyakar nauyin da aka yarda ta kai da kayanta da mutanenta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan jarka biyu masu lita 20 sun kai kilo 40 kafin ka sa tanti, firji, kayan aiki da fasinja. Masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure su tam. Saman mota na abubuwa marasa nauyi ne. Ni dai tantin ƙasa na fi so a kan na saman mota, ko don ba sai na naɗe ɗakin kwanana ba duk lokacin da zan je ɗebo ruwa.

Wutar firji da fitilun zango kuwa, a ba su batir na biyu da na'urar da ke raba shi da na tayar da inji, don kada gari ya waye mota ta ƙi tashi. Kowace sabuwar waya a sa mata fiyus kusa da batir. In za ka riƙa ratsa ruwa, a tsawaita tiyoyin numfashi na aksul zuwa sama, saboda aksul mai zafi idan ya faɗa ruwan sanyi yakan zuƙo shi ciki.

Kayan ceto ba su da yawa: shebur, igiyar janwe, allunan sawa ƙarƙashin taya, faffaɗan katako da jak zai tsaya a kai, abin auna iska da famfon da ke aiki da batir. A yashi ana rage iskar taya zuwa tsakanin 15 da 20 a ma'aunin iska na psi, a tafi a hankali, a mayar da ita kafin a hau kwalta. Igiya kuwa a wurin janwe da aka ɗaure a shasi ake sa ta, ba a kan ƙwallon jan tirela ba. Ƙwallon nan yakan karye ya taso kamar harsashi, kuma ya kashe mutane. Kada kuma a kwana cikin mota inji na aiki, ko a kunna risho a cikin tanti a rufe, domin hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Fitar farko ta zama ta dare ɗaya, kusa, da cikakken lodi, tare da wata motar. Da ka dawo, a wanke lakar ƙarƙashi, a sake ɗaure duk notin da aka taɓa, sannan ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe ka duba abin da ya ɗiga da wurin da ya ɗiga.