Yadda na raba magena da kwamfuta

Sanyin Jos a watan Disamba ba wasa ba ne, magena kuwa ta gano ɗumin da kwamfuta ke fitarwa. Da na zauna rubutu sai ta haye madannai ta kwanta, shafi ya cika da tarkacen haruffa. Kora ba ta yi amfani ba, duka kuwa ba na yi.

Sai na samo kwalin taliya, na shimfiɗa tsohuwar rigar sanyi, na cusa gorar ruwan ɗumi naɗe da tsumma, na ajiye shi gefen tebur inda take ganina. Da asuba, lokacin da mage ta fi kuzari, nakan ja mata zare ta yi ta farauta, sannan in ba ta abinci. Yanzu kwalin take nufa da kanta. Idan zan tashi, rufe kwamfutar nake yi.