Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da pg_wal zuwa wani faifai daban

PostgreSQL, tsarin sarrafa rumbun bayanai, ba ya taɓa fayilolin bayanai sai ya fara rubuta canjin a cikin foldar pg_wal, wadda ake kira pg_xlog kafin siga ta 10 ta fito a shekarar 2017. Ana ware mata faifai nata ne saboda rubutunta a jere yake tafiya, kuma yana sauri idan ba ya gogayya da sauran ayyukan rumbun. Don haka wanda ya yanka wani ɓangare a kan faifan da bayanai suke ya zuba foldar a ciki bai ƙaru da saurin komai ba.

Mafi munin kuskure shi ne kwashe foldar alhali sabar tana aiki, domin duk abin da aka rubuta ana tsakiyar kwafi zai salwanta, rumbun kuma yana iya ƙin tashi. A fara tsayar da sabar, a duba da pg_controldata cewa ta rufe lafiya, sannan a kwafe da cp -a, a sauya wa tsohuwar suna, a kafa mahaɗi da ln -s a gurbinta mai nuni zuwa sabon wurin. Kada a goge tsohuwar sai sabar ta tashi ta yi aiki. Idan an yi kwafin da asusun root, wato na mai cikakken iko a na'urar, ba tare da -a ba, mallakar fayilolin za ta koma hannunsa, sai an mayar wa asusun postgres, wanda sabar ke aiki da shi, da chown, izinin foldar kuma ya zama 0700.

Da yawa sukan manta su saka sabon faifan a /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da na'ura za ta haɗa idan ta tashi, ba kuma za su gane ba sai ranar da aka sake kunna na'urar.

Batun girma ya fi yaudarar mutane. Sukan ga max_wal_size, saitin girman da ake so pg_wal ta tsaya a kai, yana kan 1GB su zaɓi ƙaramin faifai, alhali wannan adadin ba iyaka ce mai tsauri ba. Idan archive_command, umarnin da ke adana kwafin fayilolin pg_wal a wani wuri, ya daina aiki, ko aka bar gurbin kwafi (replication slot, mai riƙe fayilolin har sabar da ke kwafa ta karɓe su) na wata sabar da ta daɗe ba ta haɗu ba, fayilolin pg_wal masu 16MB kowanne za su yi ta taruwa har faifan ya cika, sabar ta tsaya cak. A nan ne wasu ke sa hannu su goge fayiloli, wanda a ganina ya fi cikar faifan haɗari. Abin yi shi ne a ƙara wuri, a tada sabar, a gyara archive_command ko a cire mataccen gurbin, PostgreSQL zai share ragowar da kansa. Daga siga ta 13 akwai max_slot_wal_keep_size, wanda idan an saita shi yake hana gurbi ɗaya cinye faifan gaba ɗaya.