Yadda za ka shirya zuwa ofis a watannin zafi ba tare da ka dahu ba

Duk wanda ya taɓa wuni a ofis a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu ya san zancen, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, janareta ba mai, kai kuma kana cikin kwat kana zufa kamar dankali a tukunya. Ana yin azahar kwakwalwa ta tsaya, fayil ɗaya sai ka karanta shi sau uku.

Farko dai ka bincika me dokar wajen aikinka ta ce da gaske kan sutura. Wurare da yawa ba a rubuce take ba, kawai an ga oga yana sa kwat ne kowa ya bi. Bankuna ne masu tsanani, su ma yawanci ranar Juma'a suna barin kayan gida, ma'aikatun gwamnati kuwa kaftani da hula sun wadatar.

Toh inda aikin yake shi ne yadi, ba ɗinki ba. In ka shiga Kantin Kwari kar ƙyalli ya ruɗe ka, yawancin masu sheƙin nan roba ne, iska ba ta ratsa su, sa su da ɗaura leda a jiki duk ɗaya. Nemi auduga. In kana shakka zari zare ɗaya ka kyasta masa ashana, na auduga zai zama toka yana warin takarda, na roba kuwa narkewa zai yi ya dunƙule. Shadda na da kyau amma ka ce wa mai wanki ya rage sitati dan Allah, in ta yi tauri kamar kwali ita ma ba ta numfashi. Ka faɗa wa tela ya sake hammata, sannan ka sa singileti a ciki, wasu na ganin ƙarin zafi ne amma shi ke shanye gumin kafin ya fito a bayan riga.

In kwat ɗin dole ce, a ɗinka mai rabin shafi, ka rataye ta a ofis, kar ka hau adaidaita da ita da rana tsaka.

Mata ma haka, leshi mai shafin roba ga baƙar abaya a kai wallahi azaba ce. Atamfa da mayafi mara nauyi mai hasken launi sun fi.

Kai kuma oga, gwamnatin Japan tun 2005 ta fito da tsarin Cool Biz, ma'aikata su ajiye kwat da taye lokacin zafi a bar na'urar sanyaya ɗaki a digiri 28, zafinsu kuwa bai kai na Maiduguri ba. Ka sassauta daga Maris zuwa Mayu, ka rubuta ka manna a allon sanarwa don kar sabon ma'aikaci ya ji tsoron cire tasa kwat ɗin.