Yadda za ki shirya wa allurar cike fuska da ruwan jininki

Kafin ki amince, ki tabbatar mai allurar likita ne da ke da rajista da hukumar kula da likitoci ta Nijeriya, wato MDCN, domin a Abuja har shagunan kwalliya suna tallar wannan aiki. Za a ɗebi jini kaɗan a hannunki, a juya shi a na'ura har ruwa mai ruwan ɗorawa ya taso sama, a ɗumama shi ya yi kauri, sannan a tura shi ƙarƙashin fatar kumatu. Ki dage a buɗe sabuwar allura da kwalba a gabanki, domin sakaci da kayan aiki ya taɓa jawo wa wasu mata cutar ƙanjamau a Amurka. Idan kina shan asfirin, ki sanar da likita tun farko. Kumburin da ke biyo bayan allurar yakan sauka cikin kwanaki kaɗan, cikar kuwa watanni kawai take yi.