Yadda zaka canza kamfanin gas a Birtaniya ba tare da an ci kuɗinka ba

Jama'a wannan na 'yan'uwa ne da suka zo Birtaniya karatu ko aiki, musamman sababbin zuwa da suka kama haya kuma bil ɗin gas yana kansu. A gida mun saba da gas na tukunya, in ya ƙare ka ɗauka ka kai a ɗura maka kilo kaza, wuta kuwa in kana Kano ko Katsina ko Jigawa toh KEDCO ce kawai babu wani zaɓi. Nan ba haka abin yake ba, gas ta bututu yake shigowa gida, shi ke kunna boila ya ɗumama ɗakuna da ruwan wanka, kuma kamfanonin da ke sayar da shi suna da yawa, kana iya barin wannan ka koma wancan. Amma da yawanmu kamfanin da muka tarar a gidan shi muke ta biya shekara da shekaru, sai kace gadonsa muka ci.

Ka fara cire tsoro, babu wanda zai zo ya haƙa ƙasa ko ya yanke maka gas ko na awa ɗaya don ka canza kamfani. Bututun ba na kamfanin da ke turo maka bil bane, na wasu ne daban, Cadent da SGN da Northern Gas Networks da Wales & West Utilities, kowa da yankinsa, su kuma ba'a canza su. Gas ɗin ɗaya ne, mitar ma ita ce dai, wanda ke karɓar kuɗi da farashin da yake sa maka su kaɗai ke canzawa. Shi yasa in kaji warin gas ba kamfaninka zaka kira ba, 0800 111 999 zaka buga ko wa kake biya. Da can British Gas ne kaɗai a kasuwar, gwamnatin Thatcher ta sayar da shi a 1986, aka fara gwada gasa a kudu maso yammacin Ingila a 1996, zuwa 1998 kowane gida ya samu damar zaɓe. Hukumar da ke sa ido sunanta Ofgem, kuma duk abinda zan faɗa na Ingila da Scotland da Wales ne, Arewacin Ireland tsarinsu daban.

Kafin komai ka duba ko ma kai ke da ikon canzawa. In kuɗin hayarka ya haɗa da bil, mai gida ne ke biyan kamfani, toh ba ruwanka. Haka in ginin naku boila ɗaya ce babba ke ɗumama kowa. Amma in sunanka ne a kan bil kuma daga aljihunka kuɗin ke fita, kai ke da zaɓi ko da ɗan haya ne kai, ka dai leƙa takardar haya ka kuma sanar da mai gidan don a zauna lafiya.

Ranar da ka tare kuwa, tun kafin ka kwance jaka, ka ɗauki hoton mita lambobin su fito tas, ka kira kamfanin da ke gidan kace ka shigo ranar kaza ga abinda mita ta nuna. In baka yi ba zasu kintata ne, kaga kenan kana iya biyan ɗumin da wanda ya tashi ya sha. Daga ranar kai kwastomansu ne ko baka sa hannu a komai ba, akan farashinsu na gama-gari wanda ba kasafai yake zama mafi sauƙi ba, sai dai babu tarar fita a kansa, kana iya tafiya gobe.

Toh yanzu ga inda ake cin mutane. Kowane tarif lamba biyu ne, akwai farashin yunit wato kwabo (penin Birtaniya) nawa ake cajin kowane kWh, ma'aunin yawan gas da ka sha kenan, sannan akwai cajin kullum wanda zaka biya ko ka kunna ko baka kunna ba, ko ka tafi gida hutun sallah wata guda yana nan yana hawa. Waɗannan biyun su zaka kalla. Kuɗin da suke cewa zasu riƙa cira duk wata ta dairek debit, wato kai tsaye daga asusun bankinka, ba farashi bane, kintace ne kawai aka raba gida 12, wani kamfanin zai ce maka fam 60 a wata kaji daɗi, hunturu na wucewa kaga bashi ya taru sun ɗaga shi. Ka nemo bil ɗinka ka duba kWh nawa kake sha a shekara, suna rubutawa. In sabon zuwa ne kai babu tarihi, adadin da Ofgem ta sa a 2023 na matsakaicin gida shine kWh 11,500 na gas a shekara, kai kuma ka san kanka, in gidan da yara ne kuma uwargida bata wasa da sanyi sai ka ƙara.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai. Kamfani na farko kwabo 6.3 yunit, cajin kullum kwabo 28. Na biyu kwabo 5.9 yunit, cajin kullum kwabo 36. Mai iyali da ke shan 11,500 zai biya fam 826.70 a na farko, 809.90 a na biyu, na biyu ya fi masa. Ɗalibi gwauro da ke wuni a laburare yana shan 4,000 kacal zai biya fam 354.20 a na farko, 367.40 a na biyu, kaga shi na farko ya fi masa. Don haka in abokinka yace wallahi kamfani kaza ya fi araha, gaskiyarsa ya faɗa amma ta gidansa, kuma farashin ma yana bambanta daga yanki zuwa yanki, na Manchester ba lallai yayi daidai da na Landan ba.

Sai zaɓi tsakanin tarif ɗaurarre da mai hawa da sauka. Mai hawa da sauka yana ƙarƙashin iyakar farashi da Ofgem ta fara sawa a Janairun 2019, yanzu duk wata uku ake sabunta ta, Janairu, Afrilu, Yuli, Oktoba. Mutane na yiwa iyakar nan mummunar fahimta, in sunji a labarai ance fam kaza a shekara sai su ɗauka ba zasu taɓa wuce haka ba, alhali iyakar akan yunit da cajin kullum take, ka sha da yawa ka biya da yawa. Ɗaurarren kuwa an tsayar maka da lambobin biyu na wata 12 ko 18 ko 24, kasuwa ta tashi ba ruwanka, ta faɗi kuma kana nan a ɗaure, in kace zaka fita akwai tara, wasu fam 25 wasu 50 wasu sun fi, kuma sau da yawa gas daban wuta daban ake lissafa ta. Ni a ganina in ka samu ɗaurarre da yake ƙasa da iyakar Ofgem ta lokacin kuma tarar fitarsa ba yawa, ka kama, musamman gab da hunturu. In kuma bizarka ko hayarka saura wata biyar, ka tambaye su tukuna me zai faru in ka tashi, kar ka ɗaure kanka a banza.

Wajen kwatantawa akwai shafukan intanet irinsu Uswitch da MoneySuperMarket da MoneySavingExpert, ka sa fostkod (lambar unguwarka da ke cikin adireshi) da kWh ɗinka, ba kuɗin wata ba. Ka sani wasu shafukan suna samun la'ada in ka canza ta hannunsu, saboda haka ka danna inda zai nuna maka duk kasuwa, ka kuma leƙa shafin kamfaninka na yanzu, wani lokacin yana da tarif mai sauƙi da bai tallata maka ba. Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, na jera kamfanoni bisa yadda suke kula da kwastoma, ka duba, domin rarar fam 15 a shekara bata kai ka wuni kana jiran a ɗaga waya ba. Wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ko ya tare ka a bakin kanti yace nuna min bil ɗinka in rage maka, kace masa zaka duba da kanka, shikenan.

In ka zaɓa, sabon kamfanin kaɗai zaka yiwa magana, shi zai sallami tsohon, kar ka kira tsohon kace a rufe. Zasu nemi adireshi da asusun banki, wani lokacin da lambar MPRN wadda ke jikin bil, ita ce shaidar inda gas ke shiga gidanka, a ginin da ke da filat da yawa ka tabbatar lambar siriyal da ke jikin mita tayi daidai da lambar mitar da ke kan bil don ana samun a canza na maƙwabci bisa kuskure. Kana da kwana 14 na canza ra'ayi ba tara. Canjin kansa kwana 5 na aiki ne a ƙa'ida, in suka ja ƙafa akwai diyya da ya kamata su biya ba sai ka roƙa ba, da fam 30 ce, aka mai da ita 40 a farkon 2025. Ranar canji ka sake ɗaukar hoton mita ka tura wa sabon, ko da mitarka mai tura karatu da kanta ce, hoto baya cin komai.

Dan Allah kar ka yi saurin soke dairek debit na tsohon sai bil ɗin ƙarshe ya zo, suna da sati 6 su turo shi, in kana binsu canji kuma su dawo maka da shi cikin kwana 10 na aiki bayan nan. Wanda ya canza a ƙarshen lokacin zafi yawanci yana da rarar kuɗi a wajensu don ya biya fiye da abinda ya sha, ka bi kuɗinka.

Bashi na iya tsayar da kai, in ya wuce kwana 28 da turo maka bil baka biya ba tsohon kamfani yana da ikon hana tafiyar sai ka biya. Mai mita ta kati shi yana iya tafiya da bashinsa zuwa sabon kamfani in bai wuce fam 500 na gas ba. Sannan ga wata dama da mutane ke bari ta wuce, in saura kwana 49 ko ƙasa da haka ɗaurarren tarif ɗinka ya ƙare, babu tarar fita ko sisi, ka sa ranar a waya tun yau, domin in kayi shiru zasu mai da kai kan na gama-gari ne.

Wasu na gudun ƙananan kamfanoni saboda abinda ya faru a 2021, farashin gas ya tashi a duniya, iyakar Ofgem ta hana su ɗora wa kwastoma nan take, kamfanoni kusan 30 suka durƙushe, har da Bulb mai kwastoma sama da miliyan 1.5 wanda Octopus ya karɓa a ƙarshen 2022. Tsoron yana da dalili amma ba'a yankewa kowa gas ba. In naka ya rushe Ofgem ce zata miƙa ka ga wani, rarar kuɗinka tana nan ba zata salwanta ba, kai dai ka ɗauki hoton mita, ka sauke bil ɗinka na baya tun shafin bai mutu ba, ka jira sabon ya tuntuɓe ka kafin ka sake canzawa. Abinda zaka iya rasawa shine tsohon farashinka mai sauƙi.

In rigima ta taso, ko bil ya zo da lambar da ba ita ce a mita ba, ka rubuta musu koke ta imel don ka samu shaida, ka haɗa da hotunan nan. In laifinsu ne basu caje ka daidai ba, ba'a yarda su dawo su bi ka kuɗin gas da ya wuce wata 12 ba, sai fa in kai ka hana a karanta mita. Ƙa'idar da aka saba in sati 8 suka wuce ba'a warware ba, ko suka rubuto cewa sun gama magana, sai ka kai ƙara wajen Energy Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin kwastoma da kamfanonin gas da wuta, kyauta ne, kuma in ka amince da hukuncin dole kamfani ya bi.